'Yar haya da ɗan mai ƙasa: littafin soyayyar Ailan da na tsinta a gwanjo

Sati uku ke nan da na ɗauko littafin daga tarin gwanjo, wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafan Turanci. Bangon ya yage, shafuka biyu sun manne da abin da nake zaton shayi ne, amma mutumin ya ƙi rage ko sisi. Na saya ne da tunanin 'yar talaka da ɗan mai kuɗi, irin wanda muka ƙoshi da shi a littattafan soyayyarmu na Kano. Ashe da sauran rina a kaba.

Labarin ya faru ne a Mayo, yammacin Ailan, tsakanin 1879 da 1880. Yarinyar 'yar Katolika ce, ubanta yana noma gonar haya, ita kuma tana aiki a madafar babban gidan mai ƙasar, wato mamallakin filin da suke haya. Saurayin ɗan gidan ne, Furotesta (ɗarikar Kirista dabam da Katolika), ya dawo daga karatu a Ingila. Yadda suka haɗu ba abin a zo a gani ba ne. Ta faɗi da bokiti, ya ɗaga ta, shi ke nan.

Abin da ya riƙe ni shi ne uban yarinyar. A namu labaran, Alhaji ne ke kore talaka daga ƙofar gida, talakan kuwa ya koma yana share hawaye. A nan talakan ne ya ce sam. Ya gaya wa 'yarsa in ta bi yaron nan, ba shi ba ita. Marubuciyar ba ta mai da shi mugu ba. Yana yaro aka yi babbar yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta cinye dankalin Turawa, abincin da talakawa suka dogara da shi. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka tsallaka teku, alhali ana ci gaba da loda hatsi da shanu a jiragen ruwa zuwa Ingila. Shi ya binne ƙannensa biyu, kuma kakan wannan saurayin ne ya sa aka cire musu rufin ɗaki saboda bashin haya. To ta yaya za a ce masa ya karɓi suruki daga gidan? Na karanta babin sau biyu, har girkina ya kama.

Sai kuma wurin da tarihi ya shigo da ƙarfinsa. A 1879 aka kafa ƙungiyar 'yan hayar gona, kuma Michael Davitt, ɗaya daga cikin jagororinta, shi ma ɗan Mayo ne da aka kori iyayensa daga gida yana ɗan shekara huɗu. A 1880 mutanen yankin suka juya wa wani wakilin mai ƙasa baya, Kyaftin Charles Boycott: ma'aikata suka bar gonarsa, masu shago suka daina sayar masa da kaya. Daga sunansa ne Turanci ya samo kalmar ƙaurace wa mutum. Littafin ya ɗauki wannan makamin ya juya shi kan yarinyar. Ranar Lahadi ta shiga coci, bencin da ta zauna ya watse. A rijiya mata suka yi shiru. Ba wanda ya zage ta, kuma na ga zagin ma ya fi sauƙi.

Saurayin dai hoto ne kawai. Kyakkyawa, mai tausayi, kullum a kan doki. Ko sau ɗaya ban ji ya tsaya ya lissafa cewa kuɗin karatunsa daga hayar uban budurwarsa ya fito ba. Maganar manoman kuma an rubuta ta yadda suke furtawa, da kalmomin yaren Ailan nan da can ba fassara, sai na riƙa karantawa a fili kafin in gane. Akwai wurare biyu da aka wuce gona da iri a zancen soyayya, don haka ban ba ƙanwata aro ba duk da nacinta.

Ƙarshen ne ya ɓata mini rai. Bayan shafuka ɗari uku na ƙasa da addini da kaburbura, kwatsam aka tono wata wasiƙa a akwatin kaka, wai yarinyar ma jinin masu ƙasa ce. Haba! Kenan sai ta zama 'yar dangi kafin ta cancanci aure? Da an sa su a jirgin Amurka daga tashar Queenstown, kamar dubban 'yan Ailan na zamanin, uban yana tsaye bai ɗaga hannu ba, da na yarda.

Na ba shi uku cikin biyar, kuma biyu daga ciki na uban yarinyar ne. Shafukan da suka manne na buɗe su da tururin butar shayi, sai na tarar bayanin rigar amarya ne kawai.