Anki a hannun ɗaliban Yamai masu haddar kalmomi

Cikin manhajojin salula da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai za su iya dogaro da su wajen haddace kalmomin Ingilishi ko Larabci, Anki ce na fi yabawa. Damien Elmes ya ƙirƙiro ta a 2006, kyauta ce a wayoyin Android, kuma tana aiki ko babu intanet.

Aikinta yana da sauƙi. Tana nuna kalma a fuskar kati, ɗalibi ya yi ƙoƙarin tuno ma'anarta kafin ya juya katin, nan take ya ga ko ya dace ko ya kuskure. Wannan gyara na nan take shi ne babban amfaninta, domin kuskuren da aka kama tun yana ɗanye ba ya samun zama a ƙwaƙwalwa, kuma wahalar tunowa ta fi maimaita karatu dasa kalma a zuciya. Kalmar da ta gagara takan dawo bayan mintoci kaɗan, wadda ta zauna kuwa sai bayan kwanaki ko makonni. Hikimar hakan ita ce, tun 1885 Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo.

Sai dai ɗalibi ne da kansa yake ba kansa maki, wanda ya yaudari kansa ya cuci haddarsa. Manhajar ba ta lallashi. Wanda ba shi da dalili mai ƙarfi, kamar jarrabawa ko neman aiki, zai bar katunan su taru har su karya masa gwiwa.