Mawaƙan taron malaman Yahudawa sun burge ni, amma akwai magana

Jama'a na dawo daga wani taron malaman makarantun Yahudawa da abokiyar aikina ta ja ni. Ni ina koya wa yara baƙi da wasali a Islamiyyar ƙarshen mako nan Amurka, ita kuma Ibrananci take koyarwa ranar Lahadi a majami'arsu, kuma ciwon kanmu ɗaya ne, yaro zai zo sau ɗaya a sati, kafin wani satin komai ya bi iska. Kuɗin rajista kam kun san yadda suke, sai da na ciji yatsa na biya.

Da na ga sunayen mawaƙa cike da jadawali raina bai so ba, na ɗauka nishaɗi ne kawai aka cusa don a ci kuɗinmu. Ashe su ma malamai ne. Wani matashi da gita ya tara mu a aji, ya ɗauko haruffansu 22, alef, bet, gimel, dalet, yana bayarwa muna amshi, yana ƙara harafi ɗaya ɗaya yana komawa baya, wallahi kafin minti 20 ni da ban taɓa karanta Ibrananci ba na jero su a ka. Kuma bai tsaya nan ba, ya nuna mana inda za a sassauta don yaro mai nauyin baki, da yadda za a yi da tafi kawai idan babu kayan kiɗa, wanda shi ne ya dace da ajina. Sai da na tuna makarantar allonmu, yadda muke rera ƙirgen haruffa gaban malam har ya zauna daram.

Ranar Asabar ce ta fi tsaya min a rai. Da rana wasunsu ba sa taɓa kayan kiɗa ko lasifika saboda Shabbat, ranar hutunsu ta addini, baki kawai da bugun tebur, suna wata rerawa marar kalmomi da suke kira nigun. Da taurari uku suka fito aka fita fili aka yi Habdala, bikin raba ranar hutu da sauran ranaku, kyandir mai kitso, kofin ruwan inabi, ana zagayawa da kanumfari da kirfa kowa na sunsunawa. Ni ina gefe a matsayin baƙuwa, ba wanda ya matsa min. Ƙawata ta raɗa min cewa karin waƙar da ake rerawa na marigayiya Debbie Friedman ne, mawaƙiya Bayahudiya 'yar Amurka da ta rasu a 2011, kuma irin waɗannan tarukan ne suka taimaka wajen yaɗa waƙoƙinta, malami ya ji a nan, ya koma ya koya wa ajinsa. Na ga tsofaffin malamai suna share hawaye.

To amma fa daren ƙarshe ya ɓata min rai. Zaman da na fi ƙwallafa rai a kai, na koyar da yara masu wahalar karatu, aka datse shi rabi wai za a gwada lasifika a zauren. Haba! Saboda shi na biya kuɗin jirgi. Wasan waƙoƙin daren kansa kuma ƙara kamar kunne zai fashe, ba a jin ko kalma, a bakin ƙofa an baje teburin riguna da littattafan waƙa ana ta talla. Har yanzu abin na cina in na tuna.

Zan sake zuwa in Allah ya kai mu, amma zaman rana kawai. Salon amshin kam na gwada shi da alifun ba'un ranar Asabar ɗin da ta wuce, yaran ba su so a tashi ba.