Sharhi kan Zagayen Tarihi a Hong Kong: Rikicin Gwamna Patten da Beijing

Daga cikin kamfanonin da ke zagayawa da baƙi a ƙafa a unguwar Central ta Hong Kong, na zaɓi wanda ya keɓe zagayensa ga shekaru biyar na ƙarshen mulkin Birtaniya, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ko da yake ina da ƙorafi guda.

Mun tashi daga ƙofar tsohon gidan gwamna, inda Chris Patten, gwamnan Birtaniya na ƙarshe a Hong Kong, ya zauna daga 1992 zuwa 1997, muka gangara zuwa tsohon ginin majalisar dokoki, wanda yanzu kotun ƙoli ke amfani da shi. A nan ne jagoranmu ya nuna ƙwarewarsa, domin ya warware mana dabarar da ta harzuƙa ƙasar Sin. Cikin kujeru 60 na majalisar, 20 kaɗai jama'a za su zaɓa kai tsaye a 1995, kuma Patten bai ƙara ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne faɗaɗa sababbin kujeru 9 na wakilan sana'o'i ta yadda kusan kowane ma'aikaci zai sami ƙuri'a a cikinsu, ya kuma rage shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18. An yi zaman sulhu 17 tsakanin Birtaniya da Sin a 1993 ba a daidaita ba, majalisa ta amince da gyaran a 1994, Beijing kuwa ta kafa majalisar wucin gadi wadda ta riƙa zama a birnin Shenzhen na Sin har ranar miƙa mulkin Hong Kong ga Sin a 1997.

Ƙorafina shi ne jagoran ya tauye hujjar Sin. Ya maimaita yadda Lu Ping, babban jami'in Sin mai kula da harkokin Hong Kong a lokacin, ya kira Patten mai zunubin da tarihi ba zai manta ba, amma sai da na tambaya ya ambaci wasiƙun 1990 tsakanin Douglas Hurd da Qian Qichen, ministocin harkokin wajen Birtaniya da Sin na lokacin, waɗanda Beijing ta ce an saɓa musu, kuma bai taɓo cewa sai a 1991 Birtaniya ta fara yarda a zaɓi 'yan majalisar kai tsaye ba, bayan kusan shekara 150 tana mulki.

Zagayen ya ƙare a gidan burodin Tai Cheong, wanda Patten ya shahara da son kek ɗinsa na ƙwai. Ya kamata Musulmi ya tambayi irin man da aka yi amfani da shi kafin ya saya.