GARGAƊI: Ɗan damfara mai sayar da suwibul na hannun lodi ya cinye mana N7,520,000

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina ɗaukar wayar nan in ajiye, kunya ta hana ni rubutawa. Yau dai na ce ko me za a ce a ce. Duk wanda yake aikin daffo, ko yake kula da gantirin lodin mai, ko yake sayo wa kamfani kayan gyara, ya tsaya ya karanta. Miliyan bakwai da dubu ɗari biyar da ashirin. N7,520,000. Kuma ba kuɗina ba ne, kuɗin maigidana Alhaji ne, ni na tsaya gabansa na ce na lamunce.

Shekarata 14 a wannan aiki. Ba jiya na fara riƙe sifana ba. Na buɗe suwibul na kamfanin OPW, na buɗe na kamfanin Emco Wheaton, na canza musu roba da boris ba adadi, na san nauyin na gaske a hannu. Ina faɗin wannan ne saboda masu cewa "ai da ka bincika". Na bincika. Wallahi na bincika.

Ga wanda bai san abin ba: hannun lodi shi ne bututun ƙarfen nan mai gaɓoɓi da ake janyowa a gantiri a ɗura wa tanka mai. Suwibul shi ne gwiwarsa, shi yake ba shi damar juyawa alhali mai yana bi ta ciki. Ƙarfe biyu ne, mace da namiji, tsakaninsu layi biyu na ƙwallayen boris suna gudu a cikin kwarin da aka ƙarfafa da wuta, sai roba da take hana yoyo. Hannu mai inci 4 yana wuce da wajen lita 2,000 a minti ɗaya. Tankar lita 33,000 ba ta cin rabin awa. To ku auna fetur yana tsiyaya daga gwiwa a wannan gudun, direba na tsaye a ƙasa, yaran lodi na gefe, a zafin Kano. Tartsatsi ɗaya ya isa. Abin da mutumin nan ya sayar mini ke nan, ba asarar kuɗi kaɗai ba.

Hannuwa biyu cikin huɗu sun tsaya mana. Gwiwar gindi ta ƙage, sai yara biyu sun taru kafin su juya ta, ɗayar kuma tana ɗiga. Motoci sun yi layi har bakin titi, direbobi suna zagi. Wakilin gaskiya da muka saba da shi ya ce sai mako 10 zuwa 12 kafin kaya su iso, farashi kuma da dala, kuma kowa ya san yadda dala ta koma tun da aka saki naira a 2023. Ana cikin haka wani ya tura lambar mutumin nan a zaurenmu na WhatsApp na masu gyaran daffo, wai yana da su a ƙasa a Apapa, ragowar wata kwangila.

Abin da yake hana ni barci shi ne kiran farko. Ina ta maimaita shi a kaina. Na ce masa ina son guda biyar, inci 4. Bai yi maganar kuɗi ba. Cewa ya yi, "Injiniya, na gindi ne, sitayil 50, ko 40 kake nufi? Filanjin naku TTMA ne ko ANSI 150?" Wato yana tambayar samfurin suwibul ɗin da irin bakin da ake ɗaure shi da noti. Sai ya tambayi abin da muke lodawa. Na ce gas da kananzir, hannu ɗaya kuma fetur. Ya ce to na fetur ɗin robar Viton zai sa mini, ta fi robar Buna jure zafi. Wannan maganar gaskiya ce, duk wanda ya san aiki haka zai faɗa. Sannan na tura masa bidiyon na biyar ɗin yana ɗiga, ya kalla, ya ce, "Injiniya, kada ka ɓata kuɗin Alhaji. Wannan lafiyarsa ƙalau, robarsa kawai za ka canza. Huɗu za ka saya."

Huɗu za ka saya. Mutum ya ga N1,850,000, kuɗin suwibul ɗaya, a gabansa ya ce kada a ba shi. Ku gaya mini, wane ne a cikinku ba zai yarda da shi ba? A nan ya kama ni. Ban taɓa jin ɓarawo ya rage wa kansa ciniki ba. Na tashi daga nan na shiga ofishin Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, mun samu mai tsoron Allah." Da bakina na faɗa.

Kuma ba nan na tsaya ba. Na duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana nan da rajista. Na ce ya kira ni ta bidiyo, ya kira. Ga sito, ga akwatunan katako, ga suwibul a jere, ya ɗora hannu ya juya ɗaya, yana tafiya sumul. Ya cire murfin ramin boris ya haska mini da fitilar waya, giris sabo fes. Ya turo takardar shaidar ƙarfe, wadda muke kira 3.1, da lambar narkon ƙarfen a jiki. Ya turo takardar gwajin matsi. Me ya rage ban yi ba? Tafiya Legas kawai, kuma na so in je, aiki ne ya riƙe ni, ni kaɗai ne a kan gantirin a makon.

Guda huɗu, N1,850,000 kowanne, N7,400,000. Muka tura kashi 70, N5,180,000, a asusun da yake ɗauke da sunan kamfanin. Ranar Talata ce. A'a, Laraba, domin Talata aka yi kiran bidiyon. Sauran N2,220,000 kuma bayan ya turo hoton akwatin a tasha da takardar mota. Sai N120,000 na ɗauko kaya. Ku tara, N7,520,000.

Na san inda za ku kama ni, bari in faɗa da kaina. Kuɗi na biyun ba asusun kamfani ya shiga ba. Ya ce asusun ya samu matsala da banki, in tura ta nasa na kansa kada motar ta tashi ta bar kayan. Na yi jim. Wallahi na yi jim, zuciyata ta ɗan ja baya. Amma mutumin da ya hana ni sayen na biyar? Ga hoton akwati, ga lambar mota, ga Alhaji yana kirana kowace awa yana tambayar ina kaya. Na tura.

Kaya sun iso kuwa, kada wani ya ɗauka bulo aka zubo mana a akwati. Da bulo ne ma da ya fi sauƙi, da tun a tasha za mu gane. Suwibul ne guda huɗu, fenti shuɗi yana ƙyalli, da farantin suna a jiki. Yarona ne ya fara cewa, "Oga, wannan fentin bai gama bushewa ba." Na daka masa tsawa. Ina jin nauyin wannan tsawar har yanzu, domin yaron ya fi ni gani a ranar.

Bari in koma baya kaɗan, na manta ban faɗa ba. Tun kafin a buɗe akwatin, da safen nan, ya kira ni yana tambaya ko kaya sun sauka lafiya, har yana cewa in gaishe da Alhaji. Da kuɗin a aljihunsa yake wannan gaisuwar.

Allah ya taimake mu ba na ɗaura komai a gantiri sai na gwada da ruwa. Muka toshe bakin na farko muka ba shi matsi. Ya kamata ya riƙe ba 15 ("ba" shi ne ma'aunin matsi), wato ninki ɗaya da rabi na matsin aiki. A ba 4 ya fara zubar da ruwa ta wuyansa. Na biyu bai kai nan ba ma. Na cire murfin boris na zazzage ƙwallayen a faranti. Jama'a, girmansu ba ɗaya ba ne. Wasu sun yi tsatsa, wasu an tsinto su daga wani boris daban, layi ɗaya ma bai cika ba. Na raba mace da namiji. Kwarin da ƙwallayen suke gudu duk ya ci, ramuka ne, an cike su da walda an goge da injin gurza, an lafta giris a kai. Na ɗora magagari a wurin, ya ci ƙarfen kamar katako. Kwarin gaske magagari zamewa yake yi a kansa. Robar da ya rantse Viton ce na jefa ta a kofin fetur, kafin gari ya waye ta kumbura ta yi laushi, ba ta komawa mazauninta. Sai a lokacin na duba farantan suna da kyau: lamba ɗaya ce a jikin duk huɗun. Lambar narko da take takardar 3.1 kuwa babu ita a jikin ko ɗaya.

Kayan jari bola ne. Tsofaffin da wani daffo ya cire ya yar, aka wanke, aka yi musu fenti, aka buga musu faranti. N1,850,000 kowanne. Wanda ya juya mini a bidiyo mai kyau ne, na tabbata, amma ba shi aka saka a akwatin ba.

Na kira shi. Ya yi salati, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren akwati, na wani mai gyara ne aka ɗoro mana, in turo N250,000 a kawo namu a ɗauki waɗannan. Bayan N7,520,000 yana neman N250,000. Na ce sisi ba zai ƙara gani ba, ya aiko namun tukuna. Ya ce gobe. Gobe ta zama jibi. Ranar Asabar hotonsa ya ɓace a WhatsApp, layin a kashe. Na tura ƙanena da yake zaune a Legas adireshin da yake kan takardarsu. Shagon taya ya tarar. Masu wurin sun ce ba su taɓa jin sunan ba. Wanda ya tura lambar a zaure kuma ya ce shi ma turo masa aka yi, bai taɓa sayen ko noti a wurinsa ba. To don me ka tura, Malam? Don me?

Alhaji bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Kallon ƙwallayen ya yi a faranti, ya daɗe, sannan ya ce, "Injiniya, kai ka ce ka lamunce." Shi ke nan. Na ce a sayar da filina a rage, bai amsa ba har yau. Kuma ina tuna cewa da na ɗaura su a hannun fetur wani abu ya faru, sunana ne a takardar gyara, ni jami'an NMDPRA, hukumar da take sa ido kan harkar mai, za su fara nema, ni zan kalli iyalan direban.

Mun kai ƙara banki, sun ce an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga. Mun shigar da koke wurin 'yan sanda, lauya kuma yana shirya na EFCC. Shi ya ce kada in saki suna da lambar asusu tukuna, shi ya sa ba ku gan su a nan ba, ba rufa masa asiri nake yi ba. Hotunan hirarmu, da alat guda uku, da takardun bogin, da bidiyon gwajin ruwa, duk suna hannuna. Zan ɗora na kayan da daren nan, sauran kuma da zarar lauya ya ba da izini.

Kada ku biya sai naku ya je ya buɗe da hannunsa, ya tsaya a rufe akwatin a gabansa. Ku tura lambar jiki ga kamfanin da ya ƙera. Asusun mutum, a'a. Ku gwada da ruwa kafin mai.

Idan wani ya taɓa ce maka "kada ka ɓata kuɗin Alhaji" a kan suwibul ko kofla ko bawul, ka yi mini magana ta akwatin saƙo, lauya yana neman sauran waɗanda ya cuta. Ban yafe ba. N7,520,000, ga hannuwa biyu har yanzu a tsaye, ga motoci a layi, mun koma wurin wakilin farko mun fara ƙirga mako 12 daga yau.