Gadar Lissafi ta Cambridge: daga ƙasa ake ganin kyanta

Wanda zai taso daga Landan don wannan gada kaɗai, ya rage buri. Ƙaramar gadar katako ce ta masu tafiya a ƙafa, a kan Kogin Cam, tana haɗa ɓangarori biyu na kwalejin Queens' ta Jami'ar Cambridge. A taswira sunanta Mathematical Bridge. Minti biyar sun ishi mai kallo daga titi. Na ba ta maki uku cikin biyar daga sama, huɗu da rabi daga cikin ruwa.

Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar King's Cross ta Landan yana kai mutum cikin kamar minti 50. Na Liverpool Street ya fi awa guda. Katin Oyster na biyan kuɗin sufuri a Landan ba ya aiki har can, sai an yanki tikiti, kuma ya fi araha bayan cunkoson safe. A sauka a tashar Cambridge, ba Cambridge North ba, wadda ke bayan gari. Ita ma babbar tashar ba a tsakiyar gari take ba, akwai tafiyar kusan rabin awa: Station Road, Hills Road, hagu zuwa Lensfield Road, dama zuwa Trumpington Street, sannan hagu a shiga Silver Street. A kula da masu keke, ba sa jira.

Daga kan gadar Silver Street ake hango ta kyauta, kuma nan kowa ke cincirindo don hoto. Mai son taka ta sai ya biya kuɗin shiga kwalejin ta ƙofar Queens' Lane. Kwalejin takan rufe wa baƙi ƙofa lokacin jarrabawa, wajen Mayu zuwa Yuni, don haka a duba kafin a sayi tikitin jirgi. Takawar ma ba ta ƙara komai sosai, domin wanda ke kanta ba ya ganin ƙirarta.

Ƙirar ce abin zuwa gani. Ido yana ganin baka, amma babu lanƙwasasshen katako ko ɗaya a jikinta. Dogayen katakai ne miƙaƙƙu, kowanne an ɗan karkata shi daga na kusa da shi, har jerinsu ya zana bakan. Wasu gajeru kuma suka ratsa su suka ɗaure. Haka nauyi yake bin tsawon katakon yana matse shi maimakon ya tanƙwara shi. William Etheridge ne ya zana ta, James Essex ya gina a 1749. An sake gina ta a 1866 da 1905, kuma a na ƙarshen aka bar katakon oak aka koma teak mai jure ruwa. Masu jan baƙi suna son cewa Isaac Newton ne ya haɗa ta ba ƙusa ba noti, wai ɗalibai suka warware ta suka kasa mayarwa. Tatsuniya ce: Newton ya rasu a 1727, kuma tun farko akwai ƙarafa a mahaɗanta.

Kwale-kwalen da ake turawa da doguwar sanda yana tashi daga Mill Lane, dab da wurin, kuma gadar na cikin abubuwan farko da zai bi ta ƙarƙashinsu, don haka a shirya waya tun kafin a tashi. Zagayen da matuƙi yakan ɗauki kamar minti 45, ya wuce bayan kwalejin King's, gadar kwalejin Clare ta 1640, har gadar Bridge of Sighs ta kwalejin St John's. A biya a rumfar bakin ruwa. 'Yan kamasho masu tare mutane a titi ba su da izini. Ban ba baƙo shawarar tuƙa kansa ba: sandar takan maƙale a laka, kuma wanda ya ƙi sakinta shi ke faɗawa ruwa.

A hanyar komawa, babban masallacin Cambridge da aka buɗe a 2019 yana Mill Road, ta ɓangaren tasha, kuma titin yana da wuraren cin abincin halal.