Kajin Noiler a tsakar gida mai yara

Duk wadda ta tambaye ni irin kazar da za ta fara kiwo da ita, musamman a gidan da ke da ƙananan yara, Noiler nake ce mata. Na tashi da kiwon kajin Hausa a gidanmu, na kuma taɓa buroila saboda Sallah, amma wannan ce ta fi kwanta mini a rai.

Kamfanin Amo da ke garin Awe a jihar Oyo ne ya samar da ita, don nama da ƙwai gaba ɗaya. Akwai baƙa, akwai ja, akwai fara, akwai wake-wake. In kin hango ta sai ki rantse kazar gida ce da ta samu gata.

Halinta ne ya fi ja na. Kazar Hausa da kin matso sai ta yi fir ta haye katanga, ki yi ta aiken yara gidan maƙwabta. Mai 'ya'ya kuwa ba ta san wasa ba, tsalle take yi ta kai wa yaro sara a fuska. Noiler ba ruwanta da wannan. Autata takan tsuguna da tsakin masara a tafin hannu, su kewaye ta suna tsinta, ɗaya har ta ɗora ƙafa a gwiwarta tana leƙen kwanon. In tsakin ya ƙare sai su bi ta har bakin kicin. Jikinsu da nauyi, ba sa tashi sama sosai, don haka ɗan shinge ya ishe su. Sai dai zakarun in sun balaga suna dambe, gara a bar ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, sauran a sayar ko a yanka. Kuma ina matsa wa yaran su wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa su.

Za a ce ai buroila ma ba ta da faɗa. Haka ne, amma ita baƙuwa ce, sati 6 zuwa 8 an yanka ta, ba ta iya fita kiwo, zafin bazara kuma yana kayar da ita nan take. Yaro bai gama sabawa da ita ba za ta shiga tukunya.

Wajen ƙwai bambancin a fili yake. Kazar gida takan yi 40 zuwa 60 a shekara, Noiler kuwa tana kaiwa 150 ko fiye in tana ƙoshi, tana farawa bayan kamar wata biyar. Amma ba ta damu da kwanci ba, ta saka ƙwan ta tashi abinta. Shi ya sa ban rabu da kajin Hausa guda biyu ba. In ɗaya ta fara kwanci sai in zuba mata ƙwan Noiler, kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ta rene su kamar nata. 'Yan tsakin dai ba sa kai iyayensu girma, tunda haɗin iri ce.

Ga ci! Wanda ya ce miki dusa da ƙanzo kaɗai za su riƙe ta bai faɗa miki gaskiya ba. Tana kiwo, tana tsintar ƙwari, tana son ganyen zogale da alayyahu, amma dole a haɗa mata da abincin buhu ko da sau ɗaya a rana, in ba haka ba ƙwai ya ja baya. Sanyin halin nata ma yana da illa: shirwa za ta kawo sura, kazar Hausa ta riga ta shige ƙarƙashin rumbu, ita tana tsaye tana kallo. Ƙananan kada a sake su sai da mutum a kusa, kuma akurki ya rufu da kyau saboda muzuru.

Ga mai farawa, ban ba da shawarar 'yan kwana ɗaya ba. Suna son ɗumi dare da rana, ga kaskon gawayi, ga rashin wuta. Ki nemi waɗanda aka rena sati 4 zuwa 5, sun yi gashi, an yi musu Lasota, wato rigakafin annobar kaji, da rigakafin cutar Gumboro. Sun fi tsada, amma asarar ta fi sauƙi. Ki tambayi mai sayarwa daga ina ya ɗauko su da ranar da aka yi kowane rigakafi, domin a kasuwa akwai masu cusa zakarun leyas, wato irin kajin da ake kiwo don ƙwai, a ciki su ce Noiler ne, sai an yi wata biyu a ga ba sa cika. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Kafin hunturu ya shigo, lokacin da annobar kaji ke share unguwa guda, ki je wajen likitan dabbobi a maimaita musu Lasota, har da kajin Hausar da ke tare da su. Maganin ya zo cikin ƙanƙara, in ya ji zafi a hanya ya tashi aiki.