Mai waldar da ya yi wa a-kori-kurata sabon bodi a Tsohuwar Panteka

Motar tawa Peugeot 504 ce a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri nan Kaduna, a kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, da ya fara aiki a 1975. Inji lafiya lau, giya ma haka, amma bodin baya ya mutu murus. Takin zamani da nake ɗauka da damina ne ya cinye daɓen, har ana hango kwalta ta ƙarƙashin buhu. Na zaga neman bodi na hannu, duk wanda na gani ciwonsu ɗaya da nawa. Sai na yanke shawarar a sauke shi gaba ɗaya a yi mini shimfiɗaɗɗe, aka haɗa ni da wani dattijo mai walda a Tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere da ke Kaduna.

Da suka sauke tsohon bodin bai yi gaggawar yanka ƙarfe ba. Ya sa yaronsa ya kankare shasi, wato ƙarafan da bodi ke zaune a kai, da buroshin waya, sai ga tsaguwa daidai inda sifirin na hagu yake rataye. Ya kira ni ya ɗora mini yatsa a kai kafin ya ɗinke ta, ya ƙara mata farantin ƙarfe.

Abin da ya sa nake yaba masa shi ne ya ƙi manna sabon bodin a jikin shasi da walda. Na ce masa, "Baba, ai walda ta fi ƙarfi." Ya ce, "Alhaji, shasi motsi yake yi a kan hanya, yana lanƙwasa yana dawowa. In na ƙone shi da wuta a sama, nan zai karye maka da kaya." Sai ya shimfiɗa dogayen ƙarafa biyu a kan shasin, ya sa siririn katako mai ƙwari a tsakani, ya ɗaure su da lanƙwasassun ƙusoshi da noti. Ko gobe nake son sauke bodin, sifana kawai zan ɗauka. Tazarar taya da daɓe ma ba da ido ya ƙiyasta ba: ya sa aka ɗora nauyi har sifirin ya kwanta, sannan ya auna, don kada taya ta riƙa gugar bodi a rami.

Ni daɓen ƙarfe na so, shi ya ce katako, kuma gaskiyarsa ce. Taki ba ya cin sa, buhu ba ya zamewa, kuma in falanki ɗaya ya ruɓe shi kaɗai za a canza. Ya yi garkuwar ƙarfe a bayan kan motar, da ƙugiyoyin igiya a kowane gefe, masu kauri, ba irin waɗanda ke miƙewa da an ja igiya ba.

Wayarin kam bai iya ba. Murɗe wayoyin danja kawai ya yi ya naɗe da salatif, fitilun suna kawowa suna ɗaukewa, sai da na kai wa mai wayarin ya gyara. Bakin tanki kuma ya kwantar da shi da yawa, in ana zuba mai yana tofowa waje. Aikin ya wuce lokacin da ya ɗibar mini saboda rashin wuta, kuma kuɗin man janareto a kaina ya faɗo.

Ƙarfen tare muka je muka saya, na biya shi kuɗin aikinsa daban, kuma haka nake ba kowa shawara ya yi, don ka ga kaurin abin da za a sa maka. Ya kuma ja mini kunne cewa faɗin bodi ba ya ƙara wa mota ƙarfi, kada in wuce buhu goma na masara. Bakin tankin ya ce in kawo bayan girbi ya ɗaga shi, ba sai na ƙara ko sisi ba.